Tsara Takardar Bincike da Ingilishi: Misali daga Zangon Wagadugu

1.0 Gabatarwa

An shirya wannan takarda ne domin ɗaliban harshe waɗanda suka kai matakin rubuta sakamakon bincikensu da Ingilishi, ko dai don gabatarwa a taron ƙara wa juna ilimi, ko don aikawa ga wata mujallar ilimi. Nahawun Ingilishi yana da nasa darasin daban. Abin da aka sa gaba a nan shi ne tsari, wato abin da ya kamata ya zo da farko, da wanda zai biyo baya, da dalilin da ya sa aka jera su haka. Batun da takardar ta tsaya a kai guda ne: takardar bincike ta Ingilishi tana ginuwa a kan tambaya ɗaya da amsa ɗaya, kuma ana faɗin su duka biyun tun a shafin farko. Sauran sassan aikinsu shi ne su tabbatar wa mai karatu cewa amsar ta tsayu da ƙafarta.

Domin kada bayanin ya zama na iska, an ɗauki Zangon Hausawa na Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, a matsayin misali. Ɗalibin da ya yi karatu a wannan birni, alal misali a Jami'ar Joseph Ki-Zerbo wadda aka kafa a 1974, da Faransanci ya koyi rubutun ilimi. A ƙarshen Disamban 2023 kuwa majalisar riƙon ƙwarya ta ƙasar ta yi wa tsarin mulki gyara, inda harsunan gida suka samu matsayin harsunan hukuma, Faransanci da Ingilishi kuma suka zama harsunan aiki. Haka kuma a Wagadugu ne hedikwatar CAMES take, hukumar da ke tantance ƙarin girman malaman jami'a a ƙasashe da dama masu amfani da Faransanci, kuma abin da malami ya buga yana cikin manyan abubuwan da take dubawa. Ke nan rubutu da Ingilishi ya shafi abincin mutum. Amma akwai dalilin da ya fi wannan nauyi. An rushe unguwar, mutanenta sun watsu, dattawan da suka san ta kuma suna raguwa. Takardar da aka mayar wa mai ita saboda rashin tsari tana iya zama asarar da ba a maye gurbinta.

2.0 Wane Zango?

Aikin farko na mai bincike shi ne ya tantance abin da yake magana a kai, kuma Wagadugu ta ba da misali mai kyau na yadda suna kan ruɗar da mutum. Wanda ya rubuta kalmar Zongo tare da sunan birnin a na'urar bincike ta intanet zai ci karo da abubuwa daban-daban. Na farko, Zongo sunan dangi ne sananne a tsakanin Mosi. Shi ne sunan ɗan jarida Norbert Zongo, wanda aka kashe ranar 13 ga Disamba 1998, wanda kuma aka sanya wa jami'ar Kudugu sunansa a 2017. Na biyu, akwai unguwa mai suna Zongo a gefen birnin ta yamma, wadda ta yi suna a rahotannin ruwan sha da tsara birni a matsayin unguwar da jama'a suka zauna tun kafin hukuma ta yanka filaye. Na uku shi ne tsohon mazaunin Hausawa a tsakiyar gari, wanda takardun Faransanci ke rubuta sunansa Zangouettin, sunan da ya fito daga harshen Moore da ma'anar wurin Hausawa. Kamar suna kaɗai ba ta zama hujjar cewa asali ɗaya ne ba. Ɗalibin da ya haɗa waɗannan a tukunya guda ya ɓata aikinsa tun kafin ya fara.

Kalmar zango ita kanta tana bukatar bayani. A Hausar gida tana nufin wurin da ayari ke yada kaya ya kwana, har ma da tazarar da ke tsakanin masauki da masauki. A Gana da Togo da Benin ta koma nufin unguwar baƙi Musulmi, Hausawa ne ko ba Hausawa ba. Littafin Enid Schildkrout mai suna People of the Zongo, wanda ya fito a 1978, a kan Mosin da ke zaune a Zangon Kumasi yake magana. Wato Bamoshen da ke ɗan gari a Wagadugu shi ne ɗan zango a Kumasi. Mai karatun Ingilishi da ya saba da wannan littafi zai zo da waccan ma'ana a kansa, don haka wajibi ne marubuci ya faɗa masa, cikin jimla ɗaya ko biyu, wace ma'ana yake nufi.

Tarihin wurin ma yana gargaɗi a kan gaggawar yanke hukunci. Fatake Hausawa sun daɗe suna ratsa ƙasar Mosi a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro, tun kafin Faransawa su mamaye Wagadugu a 1896. Hafsan Faransa Louis-Gustave Binger, wanda ya isa garin a 1888, ya ambaci wani rukunin gidaje da Hausawa ke zaune a ciki tare da Sangayawa da wasu Fulani. Ashe tun wancan zamani zangon bai kasance na ƙabila guda ba. Saboda haka idan takarda ta ce “Hausawan Wagadugu”, sai ta fayyace: masu asali daga Kano ko Katsina ko Maraɗi ake nufi, ko duk mai magana da Hausa a gida, ko duk wanda ya kira kansa Bahaushe? Kowane zaɓi zai ba da sakamako daban.

Daga nan sai batun rusau. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta ƙaddamar da shirin da ake kira ZACA, na mayar da tsakiyar birnin wurin kasuwanci da ofisoshi. Shirin ya shafi fili mai kimanin hekta 85 da mutane kimanin 12,500 a Zangouettin da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, irin su Tiedpalogo da Peuloghin da wani yanki na Koulouba. An fara rushe gidajen a 2003, aka ware wa mutanen filaye a wajen Ouaga 2000 da Nioko 1. Takardar da ta rubuta cewa Hausawa “suna zaune” a Zangouettin, ba tare da ambaton shekara ba, ta faɗi abin da ya daina zama gaskiya fiye da shekara ashirin da suka wuce.

3.0 Daga Batu zuwa Tambaya

“Hausawa a Wagadugu” batu ne, kuma ya ishi mutum goma su yi digiri na uku a kansa. “Tarihi da al'adun Zango” shi ma batu ne. Takarda mai shafi ashirin tana bukatar abin da ya fi haka ƙanƙanta: tambayar da za a iya amsawa da bayanan da ɗalibi zai iya tattarawa da hannunsa. A ƙaddara ɗalibi ya yi tambaya kamar haka: shin yaran iyalan da aka tasa daga Zangouettin a 2003, waɗanda aka haifa a sababbin unguwanni, suna amfani da Hausa a gida kamar yadda iyayensu ke yi, ko Moore da Faransanci sun karɓe wasu fagage? Wannan tambaya tana da mutane, tana da wuri, tana da lokaci, kuma amsarta tana iya fitowa ta saɓa wa zaton mai bincike. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ake yawan mantawa. Tambayar da aka riga aka san amsarta, irin su “shin Hausa harshe ne mai muhimmanci”, ba ta haifar da bincike, sai dai yabo.

A nan ne ɗalibin da ya taso a makarantar Faransanci ke cin karo da bambanci mafi girma. Rubutun da aka horar da shi a kai tun a sakandare yana buɗewa da shimfiɗa, ya gabatar da matsala a sigar tambaya, ya sanar da sassan da zai bi, sannan sau da yawa ya kawo ra'ayi, ya kawo kishiyarsa, ya sasanta su. Matsayin marubuci sai a ƙarshe yake bayyana. Tsari ne mai kyau da ke koyar da auna magana, kuma babu dalilin raina shi. Ga wanda Hausa ce harshensa na gida, akwai kuma ladabin zance: ba a faɗa wa babba buƙata kafin a gama gaisuwa, kuma wanda ya fara da “ga abin da na gano” ana iya ganinsa mai rawar kai. Sai tarbiyya biyu suka haɗu suna ja wa ɗalibi hannu baya.

Editan mujallar Ingilishi yana karatu da wani zato daban. Yana son ya ga amsar a cikin gabatarwa, a jimla bayyananniya wadda za a iya ja wa layi. Idan ya kai shafi na uku bai gan ta ba, yakan ɗauka cewa marubucin bai san abin da yake son faɗa ba, alhali kuwa mai yiwuwa ladabi ne ya hana shi. Robert Kaplan ya ja hankali ga irin wannan bambanci a wata maƙala ta 1966 da ta yi suna, inda ya nuna cewa al'ummomi sun bambanta wajen jera tunani a rubuce. An soki maƙalar daga baya, kuma sukar tana da gaskiya, domin ta sa tsarin Ingilishi ya yi kama da shi ne miƙaƙƙe, na sauran jama'a kuma karkatattu. Abin da ya kamata ɗalibi ya ɗauka shi ne cewa wannan al'adar rubutu ce ta wata kasuwa. Wanda ya kai kaya kasuwar wani gari, da mudun garin ake auna masa.

Saboda haka, kafin a rubuta komai, yana da kyau ɗalibi ya gwada faɗin amsarsa cikin jimla ɗaya da Hausa ga wani wanda bai yi boko ba. Idan ya kasa, matsalar ba ta Ingilishi ba ce, tunanin ne bai nuna ba tukuna.

4.0 Jerin Sassa

Tsarin da ya fi yaɗuwa a mujallun Ingilishi shi ne wanda ake taƙaita sunansa da IMRaD: gabatarwa, da hanyoyin bincike, da sakamako, da tattaunawa. Daga fannin kimiyya ya fito, kuma ya dace da binciken walwalar harshe irin na misalin da aka kawo. Takardar adabi ko ta nazarin nahawu ba lallai ta bi shi kanu bayan kanu ba, amma ko ita tana amsa tambayoyin nan huɗu: me aka tambaya, yaya aka bincika, me aka samu, me yake nufi.

4.1 Gabatarwa da Bitar Ayyukan da Suka Gabata

John Swales, a littafinsa Genre Analysis na 1990, ya nuna cewa gabatarwar maƙalun Ingilishi takan yi taku uku. Taku na farko shi ne share fage, wato nuna cewa batun yana da muhimmanci kuma an yi aiki a kansa. Na biyu shi ne nuna giɓi. Na uku shi ne shiga giɓin, inda marubuci ke faɗin abin da takardarsa ta yi da abin da ta gano.

Ga yadda wannan zai kasance a misalin Wagadugu. A taku na farko ɗalibi zai nuna cewa an yi nazari mai yawa a kan mazaunan Hausawa a wajen ƙasar Hausa: Abner Cohen a kan Sabon Ibadan a 1969, Mahdi Adamu a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma a 1978, Paul Lovejoy a kan fataucin goro a 1980, Deborah Pellow a kan Sabon Zangon Akara a 2002. A taku na biyu zai lura cewa waɗannan ayyuka sun fi karkata ga ƙasashe masu amfani da Ingilishi, kuma ayyukan da suka shafi Wagadugu kanta, kamar littafin Elliott Skinner na 1974 a kan sauyin rayuwar birnin, da na Louis Audet Gosselin na 2012 a kan shirin ZACA da yadda Musulmin unguwannin suka tunkare shi, zamantakewa da addini da siyasa suka sa gaba, harshe bai zama jigonsu ba. A taku na uku sai ya ce takardarsa ta duba harshen gida a iyalan da aka tasa, ya faɗi abin da ya samu.

Taku na biyu shi ne ya fi ba ɗalibai wuya, domin suna ganin kamar raini ne ga magabata. Nuna giɓi ba ya bukatar a ce wani ya yi kuskure. Ya isa a ce aikinsa ya tsaya a wuri kaza. Akwai kuma masu wuce gona da iri su ce “babu wanda ya taɓa yin bincike a kan wannan”. Wannan jimla ce mai haɗari, musamman a batun da yawancin abin da aka rubuta a kansa da Faransanci yake, wani kuma yana kwance a kundayen digiri da ba a buga ba. Mai duba takardar yana iya kasancewa shi ne ya rubuta ɗaya daga cikinsu.

Bita kuwa ba jerin gwano ba ce. Abin da aka saba gani a kundaye shi ne sakin layi goma, kowanne ya fara da sunan marubuci da shekara, ya taƙaita littafinsa, ya wuce. Mujalla tana son a tara ayyukan bisa ga abin da suke cewa: waɗannan sun ga zango a matsayin cibiyar kasuwanci, waɗancan sun gan shi a matsayin wurin da ƙabila ke narkewa cikin Musulunci da harshen Hausa, ga inda suka saɓa, ga kuma inda wannan takarda ta tsaya. Wajen neman madogara, a tuna cewa sunan ƙasar Haute-Volta ne har zuwa 4 ga Agusta 1984, kuma tsakanin 1932 da 1947 Faransa ta raba ta ga maƙwabtanta, Wagadugu ta faɗa ƙarƙashin Kwaddibuwa. Wanda ya nemi “Burkina Faso” kaɗai zai rasa rabin abin da aka rubuta.

4.2 Hanyoyin Bincike

Wannan sashe shi ne mafi sauƙin rubutawa, kuma da shi ya kamata a fara. Ma'auninsa ɗaya ne: wani mai bincike zai iya maimaita aikin daga abin da aka rubuta? A faɗi mutum nawa aka yi hira da su, shekarunsu, maza nawa mata nawa, a wace unguwa, a wane wata da shekara, da wane harshe aka yi hirar, da yadda aka zaɓe su. Idan ta hannun limami ko wani dattijon unguwa aka samu mutanen, wanda shi ne abin da ladabi ya tanada, a faɗi haka, domin yana iya sa yawancinsu su zama maza masu zuwa masallaci ɗaya. Faɗin wannan yana ƙara wa takarda daraja a idon masu duba ta.

A kula da lambobin unguwanni. An kasa Wagadugu zuwa sassa 30 a zamanin Thomas Sankara, daga baya wata doka ta 2009 ta mayar da su 55 a cikin gundumomi 12. Lamba ɗaya tana iya nufin wuri biyu, gwargwadon shekarar da aka rubuta takardar da aka dogara da ita.

Batun rusau batu ne mai ciwo, ya shafi diyya da gado da fili. Dole a nemi yardar mai magana kafin a ɗauki muryarsa, a bayyana masa inda maganar za ta je, kuma a sakaya sunansa. Mujallu da dama suna neman a rubuta cewa an yi haka.

4.3 Sakamako da Misalan Hausa

Sashen sakamako yana faɗin abin da aka samu ba tare da sharhi mai tsawo ba. Jadawali ɗaya mai tsabta ya fi shafi biyu na lissafi cikin jimloli, kuma kowane jadawali sai an ambace shi a cikin rubutun, an faɗi abin da ake son mai karatu ya gani a ciki.

Ga ɗalibin harshe, babban aikin yana wurin kawo misalan Hausa ga wanda ba ya jin ta. Al'adar da aka fi bi ita ce ta layi uku, bisa ƙa'idojin da aka sani da sunan birnin Leipzig na Jamus: layin farko jimlar Hausa, an rarraba ƙwayoyin ma'ana da karan ɗori, layi na biyu ma'anar kowace ƙwaya daidai ƙarƙashinta, layi na uku fassarar jimlar gaba ɗaya. Kowane misali yana da lambarsa. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa “gari” na zama da “gari” na tuwo suke kama ɗaya a takarda. Idan batun ya shafi sauti ko ƙirar kalma, tilas a nuna su. Littattafan nahawu na Paul Newman na 2000 da na Philip Jaggar na 2001 suna ɗora alama a kan karin sautin ƙasa da mai faɗuwa, su bar na sama haka nan. Wasu marubuta suna nuna dogon wasali da ɗan layi a kansa, wasu suna ninka shi. Kowanne aka zaɓa, a bayyana shi a wuri ɗaya, a riƙe shi har ƙarshe. Haka ma zaɓi tsakanin ƙa'idar rubutu ta Nijeriya da ta Nijar wajen rubuta harafin farko na kalmar 'ya'ya.

Kada a gyara wa mai magana Hausarsa. Idan ya ce lakwal a inda Bakano zai ce makaranta, ko ya sako kalmar Moore a tsakiyar jimla, wannan shi ne ainihin bayanin da ake nema. Mayar da shi Daidaitacciyar Hausa daidai yake da zubar da hatsi a riƙe buhu. Fassara ma tana da tarkonta. A ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa, dala tana nufin sefa 5, don haka “dala ashirin” sefa 100 ce. Wanda ya fassara ta kalma da kalma zuwa Ingilishi ya mayar da kuɗin ƙosai kuɗin Amurka.

4.4 Tattaunawa

A nan ake komawa ga tambayar farko a amsa ta, a kwatanta abin da aka samu da abin da magabata suka samu, a kuma faɗi iyakar binciken. Ingilishin ilimi yana da hanyoyi da yawa na sassauta da'awa, kuma Ken Hyland ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1998. Kalmomi irin su may da suggest da appear suna yin aikin da “mai yiwuwa” da “ga alama” ke yi a Hausa. Hira da iyalai kaɗan ba ta “tabbatar” da cewa Hausa tana mutuwa a Wagadugu ba. Tana iya “nuna alamar” sauyi a waɗannan iyalai. Musamman a yi hattara da ɗora komai a kan rusau. Yaran da aka haifa bayan 2003 sun taso a zamanin wayar salula da yaɗuwar makarantar boko, kuma da ma Moore ne harshen titi a birnin. Mai duba takarda zai tambaya: ta yaya aka san tashin ne ya kawo sauyin? Gara marubuci ya riga shi yin tambayar, ya faɗi abin da bayanansa za su iya ɗauka. Amma sassautawa ma tana da iyaka. Jimlar da ta tara “mai yiwuwa” uku ba ta ce komai ba.

5.0 Jimla da Sakin Layi

Sakin layin Ingilishi yana yin abin da takardar gaba ɗaya ke yi: jimlarsa ta farko ta faɗi batun, sauran su kawo hujja. Hanya mai sauƙi ta gwada tsari ita ce a karanta jimlolin farko na dukkan sakin layin a jere. Idan sun ba da labari mai ma'ana, ginin ya tsayu.

Wanda ya zo daga Faransanci yakan kawo dogayen jimloli masu rassa da yawa. A datse su. Yakan kuma kawo “mu” ta tawali'u, alhali mujallun Ingilishi da yawa sun yarda marubuci guda ya ce “ni”. Akwai kalmomin da suka yi kama a harsunan biyu amma ma'anarsu ta bambanta: actuellement na Faransanci “a halin yanzu” take nufi, actually ta Ingilishi kuwa “a gaskiya”. Manhajojin fassara da na gyaran rubutu suna taimakawa wajen nahawu, sai dai an sha kama wasunsu suna ƙirƙiro sunayen littattafan da babu su, kuma mujallu da dama yanzu suna neman a bayyana in an yi amfani da su. Duk madogarar da ɗalibi bai gani da idonsa ba, kada ta shiga takardarsa.

6.0 Madogara, Tsakure da Take

Kowace mujalla tana da salon madogararta. Wasu suna bin na APA, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019, mujallun ilimin harshe da dama kuma suna bin salon bai-ɗaya da editocinsu suka amince da shi a 2007. Kafin a aika takarda ga Journal of West African Languages ko Studies in African Linguistics, a karanta ƙa'idojinsu, a duba maƙala biyu ko uku da suka buga kwanan nan. Fassara sakin layin wani daga Faransanci zuwa Ingilishi ba tare da ambaton mai shi ba satar fasaha ce, ko da babu kalma ɗaya da ta yi daidai da ta asali. Idan ɗalibi ne ya fassara abin da ya ɗauko, sai ya rubuta cewa fassarar tasa ce.

Tsakure da take su ake rubutawa a ƙarshe, ko da yake su ake fara gani. Tsakure yakan kasance tsakanin kalmomi 150 zuwa 250, kuma dole ya ƙunshi sakamakon kansa. “Za a tattauna abin da aka gano” alkawari ne, bai faɗi komai ba. Take kuwa ya ɗauki kalmomin da mai nema zai rubuta. A misalin da aka bi, ya kamata kalmomin Hausa da Ouagadougou da Zangouettin su fito a take ko a jerin muhimman kalmomi, da rubutun da takardun ƙasar ke amfani da shi, a ƙara da zongo domin masu nazarin Gana da Togo su same ta. Karin magana a take yana da daɗi ga mai jin Hausa, amma na'urar bincike ba ta san ma'anarsa ba. Idan har ana son sa, a sanya shi gaba, a biyo shi da ruwa biyu, sannan a rubuta batun da wurin da shekarun a fili.